Raƙumin Yana Cikin Takarda, Ni Babu

Gwaggo Salmatu,

Ki taimake ni don girman Allah, kafin raƙumi ya raba ni da gida da aure. Ba karin magana nake yi ba. Raƙumi na gaske nake nufi, mai tozo, kuma yanzu haka da nake rubuta miki wasiƙar nan yana tsakar gidana yana taunar igiyar shanya.

Bari in faro miki daga tushe. Shekara tara na yi ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Magama, bakin iyakarmu ta Jibiya. Ni ne magatakarda. Ni ke cike takardun mota, ni ke raka direbobi wurin kwastan na nan da duwan, wato kwastan na Nijar, ni na san layin da ke tafiya da layin da ke barci. Ba yabon kai ba, har Faransanci ina taɓawa daidai na cinikin albasa. Mai kamfanin, bari in kira shi Alhaji Badaru, mutumin kirki ne, abu biyu kawai ya fi so a duniya: babbar riga da bashin banki.

Shekara shida da suka wuce Alhaji ya ce zai mai da kamfani na zamani. Kowa ya kawo lambar asusu, albashi ta banki, a cire fansho, a cire haraji. Ni kuwa na zauna na yi tunani irin na ɗan bakin iyaka. Na ga naira kullum ramewa take, sefa tana ƙiba. Sai na bi Alhaji har mota na roƙe shi kada ya sa sunana a jerin, ya riƙa ba ni nawa hannu da hannu, da sefa, daga cinikin da ake karɓowa a Maraɗi. Ya yarda. Gwaggo, na sha daɗin shekarun nan. Ƙarshen wata in biya wurin 'yan canji in fito aljihu a kumbure, ba wanda ya san abin da nake samu, har matata. Akwai maigadinmu Irmiya, dattijo, mutumin Bugaje, da ke zama riƙe da 'yar wayarsa yana jiran alat ɗin albashi kamar mai duban wata. Ba irin tsiyar da ban yi masa ba. Baba Alat nake ce masa. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce in bar shi da wautarsa, tana isarsa.

Sai aka rufe iyaka a 2023. Motocinmu uku suka yi wata da watanni a layi, albasar da ba ta ruɓe ba ta tsiro. Ko da aka buɗe, kamfani bai sake miƙewa ba. Albashi ya koma rabi, ya koma sai wani satin, daga ƙarshe ya koma addu'a. Wata biyar ban ga ko dala ba. Rannan muka zo da safe muka tarar da takardar kotu manne a ƙofa. Banki ya kai ƙara, an ce a rufe kamfani, an naɗa wata lauya, Barista Ilham, ta tattara abin da ya rage ta biya masu bin bashi.

Kafin ta iso kowa ya yi ta kansa. Wani ya kwance fanka, wani ya sungumi kujerar Alhaji mai juyawa ya ɗora a kan babur. Irmiya kaɗai ne bai taɓa ko tsinke ba. Ni na tsaya na duba da idon ɗan kasuwa, na ga duk harabar ba abin da ya kai raƙumin daraja.

Ga yadda kamfanin mota ya mallaki raƙumi. Wani ɗan kasuwa daga wajen Dakwaro muka yi wa dakon kanwa, ya kasa biyan kuɗin mota, ya kawo amale a madadi. Alhaji yana Kano a ranar, ni na karɓa. Ni na rubuta rasit da hannuna, na sa sunana da muƙamina, na buga hatimin kamfani. Ni na kai shi wurin malamin dabbobi aka yi masa allura aka ba shi kati, nan ma sunana ne a gurbin wakilin kamfani. Don haka da na kama akalarsa na nufi gida, ban ji a raina sata nake ba. Jingina na riƙe. Har suna na raɗa masa, Giratuti, wato kuɗin sallamar ma'aikaci.

Tun a ƙofa muka fara. Bai shiga ta zaure ba sai da na fasa katanga, gidan kuma na haya ne. Abin da yake ci na harawa da dusa a mako ya fi cefanenmu. Ya cinye zogalen matata Mutmainna, wanda take kwaɗo da shi tana sayarwa, ya ɗora da mayafinta na zuwa biki. Amma babbar masifar wuyansa ce. Katangar maƙwabcina ba ta kai masa ko'ina ba. Kullum da hantsi sai ya ɗora haɓa a kanta yana kallon matan gidan suna daka, yana tuƙa a natse kamar wanda ya biya kuɗin kallo. Maƙwabcin ya kai ni gaban mai unguwa wai iyalinsa ba su da sauran sirri. Mai unguwa ya saurare mu ya yanke hukunci: ko in ƙara tsawon katanga, ko in rage tsawon raƙumi.

Ran Lahadi na ja shi kasuwa. Dillalai suna hango shi suka gane shi, don labarin kotu ya riga mu isa. Ba wanda ya taya. Ɗaya ya ce in dawo ranar da alƙali zai zo ya tsaya mini shaidar ciniki. Da la'asar muka dawo mu biyu, kuma tun daga ranar ko mai shayi Baban Giratuti yake ce mini.

Makon jiya Barista ta manna takarda biyu. Ta farko ta ma'aikata, mutum goma sha ɗaya, Irmiya ne na uku, da watanninsa biyar da kuɗin sallamarsa. Na bi ta da yatsa sau uku, babu ni. Na koma ta biyu, ta kadarorin kamfani: mota uku, janareta, sikeli, sai lamba ta shida, raƙumi ɗaya, namiji, ja, "yana hannun wani mutum". Wani mutum, Gwaggo. Bayan shekara tara. Dabbar da na rubuta wa takarda da hannuna tana cikin littafi da launinta, ni babu ko harafin farko na sunana.

Ta ba da wa'adi zuwa ƙarshen wata: mai bin kamfani ya kawo hujja, mai riƙe da kayan kamfani ya dawo da su ko a haɗa shi da hukuma. Wayar Alhaji a kashe. Na haɗu da Irmiya a tasha, ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi iyali da autan nawa mai tozo, ya ce in ina so zai ara mini wayarsa in ɗan jira alat da ita. Mutmainna kuma ta ji labarin sefa a bakin matan unguwa. Ta ce ran ɗaya ga wata in zaɓa, ko ita ko raƙumin, kuma ta lura shi na fi damuwa da cimarsa.

To ga shawarwarin da nake samu. Wani ya ce in bi da shi ta daji in tsallaka Ɗan Isa ta Nijar in sayar. Wani ya ce in kira mahauta. Wani ya ce in ce ya mutu, ban dai san yadda zan ce ya mutu ba alhali duk unguwa na ganin kansa ta saman katanga. In kuma na mayar da shi, na saki abin da ke hannuna na kama iska, tunda a takarda ban taɓa aiki a ko'ina ba. Ki gaya mini wadda ta fi, don harawar da ta rage ba za ta kai Alhamis ba.

Naki,
Baban Giratuti, Magama, Jibiya

*

Baban Giratuti,

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, sannan na tausaya maka, sannan na tausaya wa maƙwabcinka. Ni ma na yi fataucin atamfa ta hanyar nan taku, na san wayon ɗan bakin iyaka. Yana kai mutum nesa, matsalarsa ba ya barin sawu, ranar da ake neman sawu kuwa sai a sha wuya.

Mu fara da inda kake da gaskiya. Watanni biyar da ka yi aiki haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Rashin sunanka a jerin banki bai goge guminka ba, domin aikin da aka ƙulla da baki ma aiki ne, in an iya tabbatar da shi. Kuma idan kotu ta rufe kamfani, albashin ma'aikata yana cikin basussukan da doka ta ce a fara dubawa kafin na sauran masu bi.

Sai inda ba ka da ita. Jingina ita ce wadda mai kaya ya miƙa maka da yardarsa. Wadda ka kwance da kanka daga turke tana da wani sunan, kuma ka san shi. Raƙumin nan yanzu ba na Alhaji ba ne balle ka ce shi ka hukunta. Yana cikin tukunyar da za a raba wa kowa, har da Irmiya. Kowace rana da ya kwana gidanka, daga rabon dattijon nan kake tsakura. Batun Ɗan Isa da mahauta ka binne shi. Yau kai mai bin bashi ne, ran da ka tsallaka da shi ka zama wanda ake nema. Bayan haka raƙumi ba goro ba ne da za a sa a aljihu a wuce.

Abin da ya ba ni mamaki, ɗana, duk wayon nan naka ka rubuta mini maganinka da hannunka ba ka gan shi ba. Da me Barista ta san raƙumin na kamfani ne? Da rasit. Wa ya sa hannu a rasit ɗin, da muƙaminsa, da hatimi? Kai. Wa katin malamin dabbobi ya kira wakilin kamfani? Kai. Zai yi wuya ta karɓi takarda ta ce raƙumi ya tabbata, sannan ta ce magatakardan da ya rubuta ta bai taɓa wanzuwa ba. Ka yi makonni kana ciyar da babban shaidarka kana zaginsa.

Ga abin yi, kuma kafin Alhamis, tunda harawa ce ke riƙe da agogo. Ka yi hoton katin nan da rasit in kwafinsa na hannunka. Ka tono duk wata tsohuwar takardar mota mai sa hannunka, ta shekarun baya ta fi amfani, don ta nuna daɗewarka. Ka rubuta buƙatarka: yaushe ka fara, mene ne aikinka, nawa ake ba ka a wata da sefa, wata nawa ba a ba ka ba. Ka faɗi adadin gaskiya. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayin ƙara sifili, ka zauna a kansa, domin ƙarya guda tana iya rushe duk sauran.

Kana buƙatar mutum biyu cikin goma sha ɗayan nan su shaida sun san ka a bakin aiki. Wanda maganarsa za ta fi nauyi shi ne wanda bai ɗauki ko tsinke ba. Ka sayi goro ka je har gidan Irmiya, ka kira shi Baba, ka tsaya a nan kada ka ƙarasa da Alat. Mutumin da ya yi maka tayin wayarsa ya riga ya rama, sauran sai alheri.

Sannan ka ja Giratuti da rana tsaka ka kai wa Barista, da shaidu, ta ba ka takarda da sa hannu cewa ta karɓi raƙumi ta kuma karɓi buƙatarka. Ka haɗa da abin da ka kashe na harawa da dusa, wataƙila a duba, wataƙila a ce kai ka gayyato baƙon. Katanga da mayafi kam naka ne.

Ba zan yi maka daɗin baki ba. In motocin nan jinginar banki ne, banki zai fara ɗaukar nasa a kansu, ku ku raba saura, kuma abin yana iya jan lokaci, yana iya zuwa bai cika ba. Fanshon da ka guje wa kada ka sa ran ganinsa kamar na Irmiya. Ana iya yi maka tambaya kan haraji, ka amsa gaskiya. In aka ƙi karɓar buƙatarka, ka tafi ofishin ƙwadago a Katsina ko wurin lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi, da takardunka a hannu, kafin wa'adi ya wuce.

Mutmainna kuwa ba raƙumi ne ya fi ɓata mata rai ba, shekara shida na sefar da ba ta sani ba ne. Ka zaunar da ita ka faɗa mata komai, ka sayi mayafi ko da bashi, ka dasa zogale.

Ka ce shi yana cikin takarda, kai babu. To riƙe akalarsa da kyau, shi zai shigar da kai. Allah ya fitar maka da haƙƙinka, ya ba ka aikin da ya fi wancan, ya sa giratutinka na gaba ya zama wanda ba ya leƙa gidan maƙwabta.

Gwaggonka,
Salmatu