Ragon Godiya

Asuboa, 6 ga Oktoba, 1951

Zuwa ga ɗana Yaw Adomako, ma'aikacin jirgin ƙasa a Sekondi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Ekua da jikokina. Yaya tarin ƙaramar? Mu nan kalau muke. Ƙanwarka Akyaa da 'ya'yanta suna gaishe ka. Ruwa ya yi yawa bana, amma itatuwan koko sun yi 'ya'ya sosai.

Akawu Ntim ne ke rubuta mini wannan a rumfarsa ta bakin kasuwa. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya ƙara mini gishirinsa. Ban iya karatu ba, amma idona na kan alƙalaminsa, in ya tsallake magana zan gane.

Bayan gaisuwa, maganar kawunka Gyamfi ce ta hana ni sukuni. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya zuwa gona. Ciwo na kowa ne, ba shi ke damuna ba. Abin da ke damuna Asare ne, malamin cocin nan mai farar riga. Da, sai ranar Lahadi ake ganinsa. Yanzu kullum yana gidan, shi da littafinsa, kuma da na shigo sai a koma zancen ruwan sama. Matar kawun naka, Serwaa, tun da aka yayyafa mata ruwa a coci ta koma wai Komfot. Har takalmi take sawa ta daka fufu, kai ka ji iyayi. Shi kuma yayana Gyamfi ya daina zuba wa kakanni bammi a ƙasa. Ranar da na tuna masa, cewa ya yi hannunsa ke rawa. Hannun da bai yi rawa wajen ɗaukar loma ba.

Yaw, bari in tuna maka abin da ka sani. Ina 'yar shekara goma sha biyu ubanmu ya rasu. Ɗan ƙanwarsa ya zo ya karɓi gida da gona, yadda ake yi tun kaka da kakanni, don a wurinmu gadon kawu ake ci, ba na uba ba. Muka fito ni da uwarmu da Gyamfi, da tabarma biyu da tukunya ɗaya. Uwarmu ba ta yi kuka ba. Ta ce in yi haƙuri, layi ne, duk abin da Gyamfi zai tara a duniya ɗan da zan haifa ne zai gaje shi. Ubanka ma da ya rasu haka aka yi mana, na haƙura. Sau biyu ke nan ina fita da tabarma, ina jiran layi ya zo kaina.

Kai ma ba a zaune ka jira ba. Shekara tara kana bayan kawunka da adda, ku kuka sare dajin nan na bakin rafi kuka dasa koko. Har yau tabon sara na nan a ƙwaurinka. Gonar taka ce, kowa a garin nan ya sani. Amma ina jin ana dafa wani abu a gidan can, kuma ba ni za a zuba wa ba. Ka nemi hutu ka zo kafin a gama tsinkar koko, su ga fuskarka su tuna kana raye.

Ka gaida Ekua, ka ce mata ta riƙa ba yarinyar zuma da citta.

Ni ce uwarka,
Abena Konadu


Asuboa, 17 ga Nuwamba, 1951

Ɗana Yaw,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan aiki na tafiya lafiya, iyali kuma suna cikin ƙoshin lafiya. Ni dai da sauƙi, sai bayan nan da ke taɓa ni in na daɗe a sunkuye.

Mako shida ke nan ba amsa. Na tsare Ntim na ce ya faɗa mini gaskiya, ya sa takardata a gidan waya, ko ya ƙunshe gyaɗa da ita? Ya rantse ya sa. Ka rubuta wannan ma, Ntim, kada ka ɓata rai: Yaw, tun kwanan baya mutumin nan ba ya iya haɗa ido da ni. Shi ke karanta wa kawunka wasiƙunsa, kuma na ga wata mai shuɗin ambulan ta shiga gidan. Na tambaye shi daga ina, ya ce aikinsa bai yarda ya faɗi sirrin mutane ba. Sirri, tsakanina da wanda muka sha nono ɗaya!

To ga babban labarin. Kawunka ya yi tafiyar kwana huɗu, shi da Asare, wai asibiti za su a Kumasi. Mutumin da ba ya iya kai kansa bakin rafi, sai ga shi an ɗora shi a mota. Sun dawo ba ƙwayar magani, ba ko ƙyalle a ƙafa. Abin da suka dawo da shi ƙaramin akwatin ƙarfe ne mai kwado, da ƙunshin busasshen kifin teku, har aka aiko mini da biyu. Na juya kifin nan na shinshina. Ɗanyen ƙyafi ne, bai kwana uku da barin wuta ba. Yaushe Kumasi ta yi teku? Serwaa tana da wani ɗan'uwa lauya ko ɗan aiken lauya a can bakin ruwa, ina zargin wurinsa aka kai mini ɗan'uwa aka sa shi dangwala yatsa. In kana da wanda ka sani a can, ka sa a bincika mana a hankali.

Na je wurin shugaban danginmu, Nana Oduro, na zayyana masa komai. Dariya ya yi. Ya ce in kwantar da hankalina, ba a taɓa ba da gona a ɗaki ba. Mai son ya yi kyauta da ƙasa sai ya tara dangi, ya faɗa da bakinsa, a zuba bammi, wanda aka ba ya kawo rago ya yi godiya a gaban kowa. In ba a yi haka ba, ba a yi komai ba. Na ce Nana, a Juaso fa an yi. Takarda aka kai gaban Baturen gunduma, ya duba, ya kori dangi guda da hannu kamar masu tallan gwaza. Tsohon ya ce ai can Juaso ne. Shi har yanzu gani yake Bature baƙo ne da zai gaji ya tafi.

Jiya na iske Serwaa tana juya koko a kan shimfiɗar shanya. Na ce mata me ke cikin akwatin? Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Konadu, ni ma yatsa nake dangwalawa kamar ke. Abin da na sani, shekara ashirin da shida ina ɗaukar kokon nan a kaina, kuma 'ya'yana huɗu ba su da inda za su je."

Gaskiya ta faɗa, ta yi aiki, ba zan ci zalinta ba. To uwarmu fa, ba ta yi aiki ba ne? 'Ya'yan nata ai suna da nasu kawun, su je su tsaya a nasu layin.

Wannan karon ba ta gidan waya zan aiko ba. Zan ba direban motar katako ya miƙa maka hannu da hannu, in ga ƙaryar wa za ta ƙare.

Uwarka mai jiran ka,
Abena Konadu


Asuboa, 9 ga Janairu, 1952

Ɗana Yaw,

Gaisuwa da ta'aziyya. Yaya haƙuri? Allah ya ba mu danganar rashin kawunka. Ina fatan ku duka kuna lafiya.

Jan zanen makoki da ka aiko ya iso, mai kyau ne, na ɗaura. Amma zane ba ya ɗaukar gawa. Mutane sun yi ta tambaya ina magajin, na ce Turawan jirgi ne suka hana ka hutu, yadda ka rubuto. Layi uku kawai ka rubuto, Yaw. Na sa Ntim ya maimaita mini sau biyu ko ya haɗiye sauran. Direba kuwa ya ce a hannunka ya sa waccan takardar, ka karanta a gabansa, ka ba shi ruwa ya sha, ka sallame shi. Na ce masa ƙarya yake, wataƙila an saye shi shi ma.

A wurin binnewa an yi abin kunya. Asare da mutanensa sun hana a yi kiɗa sai da suka gama waƙoƙinsu, Nana Oduro kuma ya ƙi zama har sai da aka zuba bammi. Gawa na kwance ana jan ta gida biyu. Akwatin ƙarfen nan yana ƙarƙashin gadon Serwaa, makullin kuma na wuyan Asare, na ga igiyar da idona.

Ranar kwana arba'in dangi za su taru a naɗa magaji. Na sayi rago fari mai baƙin kunne, wanda za ka miƙa ka yi godiya idan an ambaci sunanka. Yana ɗaure a bayan madafa, ina ba shi ɓawon ayabar agade. Ko a ƙafa ne ka zo. In kana tsaye a wurin, da tabon ƙafarka, ba mai ƙarfin halin buɗe wani akwati.

Uwarka,
Abena Konadu


Asuboa, 12 ga Fabrairu, 1952

Zuwa ga Yaw Adomako.

Ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, kai da Ekua da yara. Mu ma muna nan.

An yi taron, ba ka zo ba, saboda haka zan gaya maka yadda aka yi, ko da yake ka riga ni sani.

Nana Oduro ya miƙe zai ambaci sunanka, sai Asare ya ajiye akwatin a tsakiyar tsakar gida ya buɗe. Takardar wasiyya ce da Turanci, da jan hatimi. Ya karanta ya fassara: gonar bakin rafi da gida na Serwaa ne da 'ya'yanta. Na tashi na ce ban yarda da bakinsa ba, ɓarawo ba ya karanta wa kansa shari'a, a ba Ntim. Ntim ya karɓa, ya karanta, magana ɗaya ce. Nana ya tambaya su wa suka shaida, tunda ba a tara dangi ba. Ntim ya ce shaidu biyu ne, na farko Asare. Na ce ya faɗi na biyun, in ji sunan ɗan'uwan Serwaa da kunnena. Ya ce, "Inna Konadu, a Sekondi aka rubuta ta. Na biyun Joseph Yaw Adomako."

Na ce ban haifi Joseph ba. Na tafi gida da gudu, ni da wannan bayan nawa, na ɗauko wasiƙarka ta layi uku, na dawo na shimfiɗa ta kusa da takardar. Ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na san zanen nan da kake yi a ƙarshen takarda, mai doguwar jela da ke lanƙwasowa ta ƙasa. Shekara bakwai ina shafa shi da yatsa duk ranar da ka rubuto. Shi ne, ba wani ba.

Ashe kifin nan daga bakin tekun Sekondi, daga hannunka ya fito. Har na ce ka sa a bincika mana.

Bayan an watse Ntim ya faɗa mini sauran, don ya ce ya gaji da ɗaukar zagin da ba nasa ba. Shuɗin ambulan naka ne. Kai ka rubuta wa kawunka cewa ka yafe gonar, zamani ya sake, kowa ya ci gumin ubansa, kai ma gidan da kake ginawa ka riga ka rubuta wa 'ya'yanka. Wataƙila kana ganin adalci ka yi, wataƙila ma adalcin ne. Amma gidanka ka tsare, Yaw. Ka san in ka ci na kawunka, 'ya'yan Akyaa za su ci naka. Ubansu ba shi da komai sai adda, kai suke kallo. Ka gaya mini a wane layi za su tsaya yanzu. Na tsohuwar hanya na biya sau biyu, na sabuwar kuma an raba ba da ni ba, kuma ba Bature ne ya zo ya yi mini ba.

Na ba Ntim haƙuri a gaban mutane, na ba direba. Asare dai ban ba shi ba, ba kuma zan ba shi ba. Nana Oduro yana cewa a kai ƙara Juaso, na ce ba zan tsaya gaban Bature in ƙaryata hannun ɗana ba.

Shekaranjiya Serwaa ta aiko a kira ni. Na je da shirin faɗa, sai na tarar ta tara dangi, ta cire takalmin, an kawo bammi. Ta ce da bakinta ta ba ni gefen gonar da ke gangaren rafi, ni da Akyaa, mu shuka gwaza da agade iya rayuwarmu. Wurin da ka sare ƙafarka ne. Kyauta irin wannan sai da godiya, ka dai san ƙa'ida, in Joseph bai manta ba. Na koma gida na kwance ragon nan mai baƙin kunne, na ja shi ta tsakiyar gari, na durƙusa gaban Serwaa na gode mata. Ba ta iya kallona ba, ni ma ban iya kallonta ba.

Kada ka aiko da zane, kada ka aiko da kifi. In kana da magana, ka zo ka faɗa da bakinka a tsakar gida, inda zan ga fuskarka. Na gama da takarda.

Ka gaida jikokina. Su ba su yi mini komai ba.

Uwar da ta haifi Yaw,
Abena Konadu