Lahadin da Na Rufe Rumfa

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taka, yaya iyali?

Kasuwar Haɗeja akwai kirki. Ranar Lahadi take ci, don haka shekara da shekaru ta hutar da ni zuwa sujada. Matata Rifkatu ta sha roƙona in raka ta, ni kuwa in ce masu sayen kifin banda ba sa jira. Har ta rasu ban raka ta ba, kunya kuma ta hana ni shiga coci.

Makon jiya na rufe rumfa na tafi. Ruwa ya tare hanya, mu bakwai ne kacal. Fasto ya ce wanda Almasihu ya yafe wa ya daina hukunta kansa. Na rera waƙar da Rifkatu take so, da muryar nan tawa ta talla. Na dawo gida, ba wanda zan ba labari. Duk da haka zan koma.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa. Maƙwabtan rumfa suna ta jajanta mini asarar cinikin yini guda. Yaya, ita ce asarar?

Ƙaninka,
Ishaya