Ɗakin Ribaɗi Yana Kulle, Uwata Tana Kan Dutse

Zuwa ga Shugaban Majalisar Dattawa da Shugaban Majalisar Wakilan Unguwanni na jama'armu Hausawa mazauna Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fata ku da iyalanku kuna lafiya, ya ibada? Ni ne Sa'idu mai tsire na unguwar Nakkasa. Da gangan na haɗa ku a takarda guda, tunda an kasa haɗa ku a tabarma guda. Na kuma nemi a karanta ta a bainar jama'a, domin na gaji da raɗa a kunnen magatakarda.

Maganar uwata ce, Hajara. Da ƙafa ta taso daga ƙasar Katsina, ta ratsa Chadi da Sudan tana surfe da wankau a garuruwan mutane, shekara tara kafin idonta ya ga Ka'aba. Bara ta zame a gangaren unguwarmu, ƙugu ya karye, ba ta ƙara takawa ba. Ɗakinmu yana can ƙolin dutse. In za ta Harami ni ke goyonta, ni kuwa na ba hamsin baya.

Na farko. A watan Rajab wani ɗakin ƙasa ya zama babu kowa a ribaɗin jama'armu na unguwar Misfala, gidan wakafin nan na tsofaffi. Na kai kuka Majalisar Wakilai, don ƙa'ida ta ce a can magana ke farawa. Zama ɗaya suka amince. Ranar har tsire na raba kyauta, ashe na yi saurin murna.

Na biyu. A Sha'aban takarda ta isa Majalisar Dattawa. Su ma suka amince, sai dai suka ƙara cewa shugabansu ne zai miƙa makulli, tunda kakanninsu suka gina wakafin. Ƙa'ida kuwa ta ce duk takardar da aka yi wa ƙari sai ta koma inda ta fito. Wakilai suka soke ƙarin, suka ce makulli na hannun wakilin Misfala, tunda su ke yaɓe da gyaran rufi. Sau uku takardar nan tana safa da marwa. Ku lura, ranku ya daɗe: a majalisun nan biyu babu mutum ɗaya da ya ce kada a ba Hajara ɗaki.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Ƙa'idarku ta ce bayan komawa ta uku sai majalisu biyu su zauna tare. An ce daga bakin alhazai kuka kwaso tsarin, da suka ba da labarin majalisu biyun da aka yi a Kaduna. To wanda ya kwaso ya manta bai tambayo a zauren wa za a zauna ba. Dattawa, haifaffun nan, suka ce yaro ke zuwa gun babba. Wakilai, waɗanda yawancinsu ta Sudan suka zo kamarmu, suka ce in sun je sau ɗaya sun zama barori ke nan har abada. Tsakanin zaurukan nan biyu, mutum zai ɗauki shayi ya kai bai huce ba. Magatakardan nan ya ce mini bukura, wato gobe, na can ya ce in yi haƙuri. Sai jiya na san akwai wata ƙa'idar: daga tsakiyar Shawwal babu zama har alhazai su watse, kuma duk maganar da ba a gama ba ta mutu, sai a sake ta daga tushe a Muharram.

Ran goma ga azumin nan na goya uwata za mu Harami. A tsakiyar gangare gwiwata ta ƙi, muka zube tare a kan duwatsu. Goshinta na jini, amma ita ce ke ba ni haƙuri. Tun ranar ta hana ni ɗaukarta. Tana jin kiran salla daga ƙasa, ta yi tata a kwance. Wallahi na ji kunya, kuma raina ya ɓaci da ku.

Ga roƙona. Ku zauna kafin a rufe zama, a tsakar ribaɗin, wanda ba zauren kowa ba ne. Tabarmi ni zan kawo. In makullin ne ya gagara, ku bai wa limamin unguwa ya buɗe. Sannan ku gyara ƙa'idar nan: abin da majalisu biyu suka yarda da shi a zartar, gardamar girma ta biyo baya.

Shekaranjiya uwata ta sa maƙwabciyarmu ta fito mata da likkafaninta da ta wanke da zamzam, ta ajiye a wajen kanta. Ta ce in daina damun manya, ai akwai saukowar da ba ta jiran sa hannun kowa, maza huɗu sun isa. Ina roƙonku don girman Ɗakin da kuke maƙwabtaka da shi, ku bari ta sauko da ranta.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya haɗa kanku, ya ba ku masu jin ƙanku ranar da ƙafa ta gaza.

Wassalam.

Naku, Sa'idu mai tsire, Nakkasa.