Baba Zai Kira Suna Ranar Biyar Ga Oktoba

Rano, 20 ga Satumba.

Zuwa ga Yaya Sagiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da zaman Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, an fara cirar gyaɗa a Yalwa. Inna na fama da gwiwa kamar kullum, amma bakinta kam lafiyarsa ƙalau.

Yaya, ranar malamai ce ta matso. Ka tuna shekarar 1994 da Baba ya ji a rediyo an ware wa malaman duniya biyar ga Oktoba? Dariya ya yi, ya ce ashe an san da su. A shekarar ce ɗalibansa suka fara zuwa ƙofar gida bayan la'asar, wannan da sabuwar gyaɗa, wancan da ƙwan zabi. Har yau ba su fasa ba. Manya masu furfura su zauna a tabarma aji-aji, Baba ya kira sunayensu da ka, kowa ya amsa. Wanda ya rasu a yi masa addu'a. Ina kewar lokacin da kake zama a layin gaba, kana hararata don ni ba ɗalibarsa ba ce, sai raba ruwa.

Shekara tara ke nan tun saɓaninku da Baba, kuma bai taɓa tsallake sunanka ba. Yakan kira, ya jira, ya wuce. Bara idonsa ya yi rauni sosai, sai Alu, abokinka mai a-daidaita-sahu, ya ji tausayi ya amsa a madadinka. Baba ya ce ido ne ya tafi, kunne na nan. Ya tashi ya shige gida, sauran sunayen ba a kira su ba. Na yi kuka ranar, wallahi.

Bana ya ce shi ne kiransa na ƙarshe, ƙarfi ya ƙare. Na ce ko in kira ka a waya ka amsa, ya ce shi bai taɓa koyar da waya ba. Don Allah ka zo, Yaya, ko ba za ka ce komai ba sai na'am.

Ka gaishe da Anti Saude, da Afra'u da Mahdi. Inna na gaishe ku. Baba bai ce in gaishe ka ba, ya dai tambaye ni kwana nawa motar Fatakwal take yi a hanya.

Taka ƙanwa,
Maijidda Shitu