Jirgin Lawban

Xiaobei, ƙasar Sin, 22 ga Agusta, 2008

Yaya Jumai, kin taɓa ganin jirgin ruwa mai banɗaki a ciki? Wallahi ni na gani. Au, assalamu alaikum. Ina Inna, ina yara, ya Yauri? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya.

Akwai wani ɗan Sin mai kamfanin jakunkuna a garin Shiling da Kawu Shehu ke yi wa lodi. Lawban muke ce masa, wato maigida. Tun da ya ga tseren jirage na Olamfik a talabijin ya rikice, sai ya sayi jirgi irin mai ƙyallen nan da iska ke turawa. Guda biyu ya gani ya rasa na ɗauka. Ɗaya siriri, na tsere, ko wurin miƙe ƙafa babu. Ɗayan faffaɗa, na yawo, da gado da murhu, tafiyarsa a hankali.

Zai ɗauki mutum ɗaya mai kula da jirgin, ya yi masa takardun zama. Bizata ƙarshen Oktoba za ta ƙare, kuma yanzu ko'ina aka je sabunta biza sai su ce "meyo", babu. In ban samu ba, gida zan dawo.

Kin san wa ya shigo neman aikin tare da ni? Hadi. Hadin gidan Liman, wanda ko filafili bai taɓa riƙewa ba! Shi yana da aikinsa na tafinta, yana da takardu, yana da takalmi mai wuta a dunduniya. Amma da ya yi Sinanci Lawban ya kama dariya. Ni ina tsaye kamar turmi. Hadi na tsere yake zuga Lawban ya saya. Ni na ce faffaɗan, ban ma san ko ya fassara ba.

Ranar Lahadi za a gwada. Ki sa Inna ta yi min addu'a.

Ƙaninki, Tankari

Xiaobei, 26 ga Agusta

Yaya, gaisuwa. Na yi abin kunya.

Mun je bakin teku har da tsohuwar Lawban, aka ajiye mata kujera da lema a kan gada. Muka shiga na tseren: ni, Hadi, Lawban da mai jirgin. Da iska ta cika ƙyallen sai jirgi ya kwanta gefe guda, ruwa na lasar bakinsa. Ban yi shawara da kowa ba, na cire takalmi na faɗa ruwa, yadda Baba ya koya mana.

Ashe haka irinsa yake tafiya, a karkace. Akwai wani ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa, ba ya kifewa. Suka wuce suka bar ni, sai da suka kewayo suka tsamo ni kamar ragon ruwa.

Yanzu duk unguwarmu ta Xiaobei an ji. A gidan abinci 'yan Maraɗi suna ce min "Sarkin ruwa, ina kwana?" Hadi har kwaikwayon faɗawar yake yi. Lawban ya ba shi jar hula ta Olamfik. Ni tawul aka ba ni, shi ma aka karɓe.

Yaya, me Hadi yake da shi ne da ni ban da shi? In na gan shi da hular nan abinci ba ya wuce min.

Tankari

Yauri, 14 ga Satumba

Tankari, amin wa alaikumus salam. Ya ibada? Takardunka biyu tare direban Kano ya kawo su. Na karanta wa Inna, ta yi dariya har da hawaye.

Kai dai sakarai ne, amma ba don ka faɗa ruwa ba. A gidanmu na Sarkawa masunta, in kwalekwale ya karkata, mai iyo ne ke fita don ya rage nauyi, waɗanda ba su iya ba su tsira. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Abin da ba ka sani ba, don kana goye lokacin: shekarar da jirgin Baba ya karkata a hanyar tsibiri, Baba ya fita ya riƙe shi da kafaɗa har gaɓa, yara uku ne a ciki. Ɗaya Hadi ne. Tun ranar bai sake taka ruwa ya wuce gwiwa ba. Ya san sarai don wa ka faɗa.

Ka bar ƙirga masa hula da takalmi. Ka je gaban maigidan nan ka ce Hadi ya faɗa masa dalilinka da bakinsa. Ka dube shi cikin ido.

Inna na sa maka albarka. Ka sha ruwa lafiya.

Yayarka, Jumai

Xiaobei, 9 ga Oktoba

Yaya, barka da Sallah.

Na yi yadda kika ce, a ofishin Lawban, tsohuwarsa na zaune tana shan shayi. Na ce, "Hadi, gaya masa abin da Baba ya yi a hanyar tsibiri."

Ya ce, "Kai, ɗan Sarkawa, nan ba wurin tatsuniya ba ne."

Na ce, "Gaya masa."

Ya daɗe yana kallon takalminsa. Sai ya fara. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga ya nuna tsawon yaro da hannu, sannan ya nuna ƙirjinsa. Lawban ya juya ya dubi tsohuwarsa. Ita ma ashe ba ta iya iyo ba, kuma don ya riƙa fita da ita ne ya fara maganar jirgin tun asali.

Faffaɗan ya saya. Ni ya ɗauka. An kai fasfona wurin yin takardun zama.

Amma kin san me? Da Lawban ya tashi, sai ya rungume Hadi, wai mai gaskiya. Ni na jiƙe, shi aka rungume! Ko arzikina sai da ya bi ta bakin Hadi kafin ya iso ni.

Bari in tafi, Hadi na ƙasa yana danna min waya. Wai in koya masa iyo kada kowa ya ji. Zan koya masa. Amma sai ya ɗan sha ruwa tukuna.

Ki gaida Inna.

Tankari