Wasiƙar da Na Aika wa Inna

Litinin, 24 ga Mayu, 1999

Kwana uku ke nan Malam, mijina, ba ya kallon idona. Ya ce aiki ne ya yi yawa a sakatariya, soja za su miƙa mulki ranar Asabar, takardu sun taru a gaban keken rubutunsa. To, miƙa mulki ne ya hana shi cin miyar kukata? A littattafan da nake karantawa, in miji ya canza haka, akwai mai zuga shi.

Laraba, 26 ga Mayu

Yaya Hajo, yayar Malam, ta taso tun daga Ƙofar Durɓi ba sanarwa. Muna gaisawa tana bin hannuwana da kallo, har ta ja mayafina ta duba wuyana. Ta leƙa ƙofar ɗakina ta taɓa sakata. Wai, "Fadila, kina dai fita unguwa ko?" Na ce shekaranjiya ma na je suna. Ta ce "To."

Ita ce mai zuga shi. Tun ranar da ta same ni da littafi shinkafa na ƙonewa ba ta ƙaunata. Me ta gaya masa?

Asabar, 29 ga Mayu

An rantsar da farar hula. Malam ya zauna gaban rediyo, ya ce jawabi ya yi tsawo, har yanzu bai ji abin da za a yi ba. Na yi dariya don ya kalle ni. Bai kalla ba.

Talata, 1 ga Yuni

Direban motar Dutsin-Ma ya kawo saƙo, Kawu Mati, ƙanen Inna, zai zo jibi "kan maganar nan". Wace magana? Kowa ya sani ban da ni. In Yaya Hajo ta kai ƙarata har garinmu, wallahi ba zan yafe ba. Na kasa gama karanta shafi ɗaya na littafina yau.

Alhamis, 3 ga Yuni

Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Kawu ya zaunar da mu, ni da Malam da Yaya Hajo, ya zaro takarda daga aljihu. Wasiƙata ce, wadda na aika wa Inna watan jiya. Kwana biyu na yi ina tsara ta. Inna ba ta karatun boko, maƙwabcinmu Malam Shehu ya karanta mata, a gaban ƙannenta. Kawu ya karanta da muryarsa ta mai sayar da hatsi: "Ina cikin kurkuku, an ɗaure ni da sarƙa, kullum hawaye ne abincina."

Ya ce, "Mi kike nufi da sarƙa, ɗiyata? Hwaɗi, kar ki ji tsoron kowa. In gaskiya ne, yau za mu tafi."

Kurkukun bege nake nufi, sarƙar kuma ta ƙauna ce. Na duba, ashe ban ma rubuta kalmomin ba, na ɗauka a bayyane suke. Inna ta yi sati tana kuka, ta aika wa Yaya Hajo ta bincika. Yaya Hajo ce ta gaya wa Malam.

Na ce kewar Inna kawai nake. Yaya Hajo ta ce, "Shafi huɗu, ’yar nan, don ki ce kina kewa?" Kawu ya yi dariya har da tari. Malam bai yi ba. Ya ce, "Ni aka yi wa kallon mai ɗaure mace," ya tashi ya fita.

Asabar, 5 ga Yuni

Na rubuta wata wasiƙar. "Inna, lafiyata lau. Malam bai taɓa dukana ba, bai taɓa kulle ni ba. Kewarki nake. Ki yafe min." Ba daɗi, kamar takardar asibiti.

Shi kuwa na shirya masa jawabi mai kyau tun safe. Da ya dawo daga kasuwa na buɗe baki, sai na ji na ce, "Na ɓata maka suna. Ka yi haƙuri." Shi ke nan abin da ya fito.

Na miƙa masa sabuwar wasiƙar, ya daɗe yana kallon takardar. Ya ninke ta, ya ce shi zai kai da kansa gobe, in shirya mu tafi tare.