Tabarmin Inna

Assalamu alaikum Yaya Sani. Ya aiki, ya sanyin Turai, ya iyali? Mu nan Bagega lafiya lau.

Mun ji Kaduna ta cika da sababbin kamfanonin kwamfuta, har kana son dawowa ka buɗe naka. Inna ta yi murna, amma ta sayo tabarmi ta rufe tsakar gidanmu duka. Wai ɗiyanka ba za su taka inda gubar dalma ta kashe ƙanenmu Umaru ba. Na ce an kankare gurɓatacciyar ƙasar tuni. Ta ce har yanzu tana jin kukansa wajen turmin dakan duwatsun zinari, inda gubar ta fito.

Ka dawo ka zauna Kaduna, kar ka kawo yara Bagega, mu za mu zo. Gaishe da yara, ka yi wa Inna addu'a. Tabarmin na nan shimfiɗe.

Ƙanwarka, Hadiza